Ruwan da Mai Azumi Ya Ba Ni

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsare mini wannan hannun da nake ɗaga muku yanzu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Iliya. Ina zaune a Panshekara da matata Saratu da 'ya'yanmu, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada. Tsofaffin 'yan zumuntar nan sun san ni, amma na ga baƙi a bencin baya, don haka zan fara daga fari. Ku yi mini haƙuri in muryata tana rawa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma tun da aka ce ni zan ba da shaida yau nake tsoron kada in ƙara wa labarin gishiri, ya zama ƙarya a gaban Allah. In na faɗi abin da ba haka ba ne, ga Saratu nan zaune, za ta gyara mini. Ba ta jin nauyin yin haka.

Ni mutum ne mai damuwa tun ina yaro. In na kulle ɗaki na fita, sai na kai bakin titi in dawo in ja kwaɗon, in tafi, in sake dawowa. In ina addu'a hankalina ya zame, ko da kukan akuya ne a waje ya ɗauke shi, sai in koma daga farko, don a ganina addu'ar da ta karye ba ta isa sama ba. An sha yi tuwo ya huce a gabana ina maimaita addu'ar cin abinci, yara sun zuba wa kwano ido. A zuciyata Allah kamar sufabaiza mai duba aiki yake: yana tsaye a bayana, ba ya magana, yana jiran in yi kuskure.

Damuwar nan ta sauka cikina ta zama olsa. Likita ya ja mini kunne sosai. Ya ce kada in zauna da yunwa, in ci wani abu da rana in sha magani a kai, in kuwa na yi wasa gyambon zai fara zubar da jini a ciki. Saratu tana wurin aka faɗa. Tun daga ranar take ɗaura mini kular abinci da kwalbar magani kowace safiya.

Ga baƙinmu, bari in faɗi irin zumuntar da kuka shigo. Mu masu bishara ne, amma babu mai biyanmu don mu yi. Alkawarinmu shi ne mu ci guminmu a cikin mutane, kamfani ɗaya da su, gidan haya ɗaya da su, don a ga bisharar a hannunmu kafin a ji ta a bakinmu. Ba ma gardamar addini. Ba ma taɓa abin da maƙwabci yake girmamawa. In an tambaye mu begenmu mu faɗa a fili, in ba a tambaya ba mu ci gaba da yin kirki. Cikin wannan ne muka ɗauka wa kanmu cewa idan watan azumin maƙwabtanmu Musulmi ya kama, ba za mu ci ko mu sha a gaban mai azumi ba. Babu wanda ya tilasta mana. Kara ce, da ƙauna.

Akwai wani alkawarin kuma, cewa babu mai ɗaukar kaya shi kaɗai. Shi ya sa duk ranar Laraba da yamma Baba Yohanna, dattijon da ke lura da mu, yake bin mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Wane kaya ne a kanka?" Kuma gaskiya ake faɗa.

Na ƙaunaci waɗannan alkawuran ƙwarai. Amma mutum irina in ka ba shi igiya ya ɗaure kaya, wuyansa zai ɗaure da ita.

Azumin da nake magana a kai ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda bai taɓa shiga ɗakin injinan roba ba ba zai gane ba. Sama kwano, ƙasa siminti, injina suna narka roba, iskar da fanka take kawowa kamar daga bakin tanda. Injin da nake aiki a kai bokitai yake yi. Yana da wasu manyan ƙarafa biyu da muke kira mol, su haɗu da ƙarfi, su buɗe, bokiti ya faɗo, ni kuma in ɗauka in gyare bakinsa da wuƙa. In bokiti ya maƙale a ciki, doka ita ce ka danna jan maɓalli inji ya tsaya kafin ka sa hannu. Duk Sharada an san mutanen da suka manta wannan dokar. Ana gane su wurin gaisuwa.

A injin da ke kusa da nawa akwai Malam Sule, dattijo mutumin Jigawa, shi butoci yake fitarwa. Shi ya koya mini aikin. Mutum ne mai barkwanci, yana kirana Fasto Ba Coci. Ina girmama shi kamar uba, kuma kullum ina sa shi a addu'a. Babban tsorona a duniya shi ne kada in zama masa abin tuntuɓe, ya ga wani abu a wurina ya ce, ashe haka masu bin Yesu suke.

Ranar farko ta azumi, da lokacin hutun rana ya yi, na ɗauki kulata na tafi neman inda babu ido. Na je bayan ɗakin janareta, inda sauran waɗanda ba sa azumi suke ci. Ina buɗe kula sai na hango maigadi, wani bawan Allah mutumin Nijar, yana zaune can nesa a inuwa yana jan carbi. Bai ma dube ni ba. Amma zuciyata ta ce, in ya ɗago kai fa? Na rufe.

Na tafi sito. 'Yan lodi suna kwance a kan buhuna, leɓunansu sun bushe. Na fito.

Har banɗaki na tsaya a ƙofarsa. Sai na ce, abincin da aka yi wa addu'a, a ci shi a nan? Na juya.

Na ce to, ko ruwa in sha a ɓoye. Sai wata murya a cikina ta ce, in ka koma da jiƙaƙƙen leɓe Malam Sule zai gani, ƙishinsa ya ƙaru, alhakin a kanka. In ka ci, zai ji ƙanshin miya a bakinka. Maganin ma fari ne, yana barin alama a gefen baki. Haka na koma bakin inji ban sa komai a cikina ba. A hanyar gida mai keke napep yana azumi, fasinjoji suna azumi. Sai da na shiga ɗakina na rufe ƙofa na sha ruwa.

Washegari haka. Kwana na bin kwana, haka.

Abincin kuwa wani abokin aiki da ba ya azumi nake miƙa wa. In na dawo Saratu ta buɗe kula ta ce, "Baban Rahila, an cinye?" Sai in ce, "An cinye." Ban yi ƙarya ba, an cinye ɗin. Amma na san abin da take tambaya, kuma wannan ma ya zama wata wutar a ƙirjina.

Cikina ya fara ci kamar an zuba garwashi. In na miƙe sai in ga taurari. Bayan gidana ya koma baƙi, kuma na tuna abin da likita ya ce game da wannan alamar. Tsoro ya kama ni! In na ci, na karya alkawarin zumunta, na ɓata sunan Yesu a kamfani. In ban ci ba, jini yana zuba a cikina, ga mol yana buɗewa yana rufewa a gaban hannuna. Ko'ina na juya laifi nake gani.

Laraba ta zo. Baba Yohanna ya iso kaina.

"Iliya, ɗana, wane kaya ne a kanka?"

Maganar ta zo har maƙogwarona. Sai na tuna 'yan'uwa da ke aikin fata a Challawa, da masu lodi a Bompai, babu wanda ya yi ƙorafi. Na ce a raina, in na faɗa za a ce Iliya ba shi da ƙarfin wannan kira, a ce in bar Sharada. Na sunkuyar da kai na ce, "Sai godiya, Baba."

Ya daɗe yana kallona. "Godiyar ce ta ramar da kai haka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya wuce na gaba.

Ranar da abin ya faru, azumi ya yi nisa. Tun safe jiri yake ɗibana. Wajen azahar zafi ya kai inda ya kai, ƙarar injina ta koma kamar daga nesa nake jin ta. Sai wani shuɗin bokiti ya maƙale a cikin mol.

'Yan'uwa, ku ji wannan. Ni da nake komawa in ja kwaɗo har maƙwabta suna dariya, ni da ban taɓa sa hannu a inji ba sai na duba maɓalli na sake dubawa, ranar ban danna ba. Ban ma tuna akwai shi ba. Na zura hannuna na dama har gwiwar hannu, ina riƙe da tsumma, sai duhu ya rufe mini ido. Na ji ina tafiya gaba, cikin injin.

A nan na yi addu'ar da ta fi kowace gajarta a rayuwata. Ban ce Uba Mai Tsarki ba, ban jera komai ba. Na ce, "Yesu, na gaji."

Sai na ji an fizge ni ta wuyan riga. Na faɗi da baya a kan siminti, na ji ƙarafan sun haɗu, garam! Da aka buɗe daga baya, tsumman da ke hannuna aka ciro, ya manne da bokitin ya zama faifai. Tsumman, ba hannun ba. Ku yabi Ubangiji!

Malam Sule ne. Ya ce ya juyo ne kawai zai ce mini lokacin salla ya yi, in duba masa injinsa.

Da idona ya washe na gan ni a jingine da buhunan roba, mutane sun kewaye ni, ana ta salati. Malam Sule ya tura aka kawo fiya wata. Da yake yana azumi bai fasa ledar da haƙori ba, wuƙar gyaran buta ya sa ya yanke bakinta, ya tsiyaya a kofi, ya durƙusa ya kawo bakina.

Na kau da kai. Na ce, "Malam, kuna azumi."

Ya ce, "Ni ke azumi ko kai?"

"Ba zan sha a gabanku ba, Malam. Mun yi alkawari."

"Da wa?"

"Da 'yan'uwana. Don girmama ku."

Ya ajiye kofin a ƙasa, ya dube ni, ya dubi mutane. "Jama'a, kun ji? Wai mu yake girmamawa!" Ya juyo kaina, idonsa ya yi ja. "Kai Iliya, ashe ba ka da hankali? Kwana da kwanaki ina ganinka kana bushewa kamar kilishi. Na ɗauka naku azumin kuke yi, shi ya sa ban sa baki ba. Ashe don Sule ne! To da injin nan ya cinye hannunka, me zan je in gaya wa matarka? In ce don ni aka yi? Wannan ne girmamawar?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Mu da aka wajabta wa azumin, an ɗauke wa marar lafiya. Kai da ba a ɗora maka ba, wa ya aike ka?"

Wani ɗan lodi daga baya ya ce, "Malam, ku ƙyale shi, so yake ya riga mu shiga aljanna ta ƙofar baya."

Aka fashe da dariya. Malam Sule bai yi ba. Ya sake ɗaukar kofin, ya tallafo ƙeyata da ɗaya hannun. Na ga leɓensa, ya tsattsage don ƙishi. Ya ce a hankali, "Sha, Fasto Ba Coci. Ko ka sha da girmanka, ko in ɗura maka kamar ɗan akuya."

Na sha. Ina sha ina kuka, ruwa yana bin haɓata, mutumin da ya fi ni jin ƙishi yana riƙe da kofin. Ban taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aka sa ni a keke napep aka kai ni asibiti, aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Likita ya ce jinin ya fara zuba, Allah ne ya sa aka zo da wuri. Saratu ta iso da mayafi a karkace. Da ta ji yadda aka yi, ta tsaya a kaina ta ce, "An cinye, ko? An cinye! Ni ina tashi da asuba ina dafa wa ƙaton banza, mijina yana mutuwa a tsaye." Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannun nan nawa, ta ƙi saki. Haka ne ko, Maman Rahila? Ta ce haka ne.

Washegari Baba Yohanna ya zo. Ina ganinsa gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, yau za a sallame ni. Tun kafin ya zauna na fara: "Baba, na karya alkawari. Na sha ruwa a gaban masu azumi, ba ɗaya ba, duk sashenmu."

Ya ja kujera ya zauna. "Wa ya ba ka ruwan?"

"Malam Sule."

"To da ka ƙi karɓa, shi ne da ka wulaƙanta shi." Ya ƙara da cewa, "Alkawarin da ka karya ba wannan ba ne, ɗana. Ranar Laraba ka karya shi, da na tambaye ka ka ce sai godiya. Ni ma ina da nawa rabon. Na ga idonka, na bar dariya ta rufe maganar."

Ya ce mini abin da ba zan manta ba. Ya ce alkawuran nan ba tarko aka kafa mana ba. Mun ce ba za mu ci a gaban mai azumi ba don muna ƙaunar maƙwabci, kuma maƙwabcin da yake ƙaunarka ba gawarka yake so ba. Ya ce mun zo zama cikin mutane ne, kuma wanda yake zaune cikin mutane ba bayarwa kaɗai yake yi ba, dole wata rana shi ma ya buɗe baki a ba shi. "Kai kana so ka zama mai kai wa Malam Sule alheri," in ji shi, "amma ba ka yarda Allah ya aiko maka da alheri ta hannunsa ba."

Na ce, "Baba, tsoro nake ji. Kullum ji nake kamar Allah yana tsaye a bayana yana jiran in yi kuskure."

Ya ce, "A bayanka yake, gaskiya ne. Jiya da ka yi kuskuren, me ya yi?"

Na tuna fizgar nan ta wuyan riga. Na rufe fuska da hannu.

Sai ya ce mu yi addu'a, kuma ni zan yi. "Amma sau ɗaya. In hankalinka ya tafi, ka ci gaba daga inda ka tsaya. In ka ce amin, ka rufe baki. Ubanka ba kurma ba ne."

Na fara. A tsakiya wata nas ta shigo da tire, ƙarar cokula ta ɗauke mini hankali. Bakina ya buɗe zai koma farko. Baba Yohanna ya matse mini yatsu. Na ci gaba. Na ce, "Ya Uba, na gaji da tsoronka irin na bawa. Ka karɓi wannan kayan." Na ce amin. Zuciyata tana bugawa, tana cewa maimaita, maimaita, ba ta yi kyau ba. Ban maimaita ba. Na kwanta ina jira, sai na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, inda wutar nan take. Barci ya ɗauke ni da rana tsaka, har Baba ya tafi ban sani ba. Halleluya!

Da na koma aiki, azumi bai ƙare ba. Na iske Malam Sule ya jera buhuna a wani lungu bayan injina, ya yi mini ɗan ɗaki da su, ya kife kofin nan a kai. Da azahar ta yi, zai tafi alwala, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Fasto Ba Coci, mu mun tafi namu. Kai ma shiga naka. In na dawo na ga kular nan da nauyi, ni da kai ne!"

Na shiga lungun, babu mai ganina, na ci, na sha magani. Alkawarinmu yana nan, ban ci a gaban kowa ba. Kuma ban mutu ba.

Ba zan tsaya a nan in ce muku damuwa ta bar ni gaba ɗaya ba, don ba na son ƙarya. Yau ma da za mu fito na koma na ja kwaɗo. Amma sau ɗaya na koma, Saratu shaida ce. Cikina yana warkewa. In muryar nan ta taso tana lissafa mini laifi, ina da amsar da nake ba ta: na ga abin da Ubana ya yi ranar da na yi kuskure mafi girma.

Ina roƙonku, 'yan'uwa, musamman ku sababbi. Ku riƙe alkawuran zumuntar nan, masu kyau ne, amma ku riƙe su duka tare, kada ku ƙanƙame ɗaya ku saki ɗan'uwansa kamar yadda na yi. Ranar Laraba in Baba ya iso kanka ya ce wane kaya ne a kanka, kada ka ce sai godiya alhali cikinka yana zubar da jini. Faɗa. Ka dogara ga Yesu, ba ga iya kiyayewarka ba. Kuma ku sa Malam Sule da iyalinsa a addu'a, Allah ya saka masa da alheri.

Na gode wa Ubangiji saboda raina, saboda matata, saboda hannun nan mai yatsu cikakku. Yabo da ɗaukaka su tabbata gare shi cikin sunan Yesu. Amin.

Sau ɗaya na faɗa. Ubana ya ji.